Daga Gozaki Zuwa Indiya Koyon Jera Duwatsu

Gozaki zuwa Funtua

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, wata ranar Litinin cikin bazara, na fito daga gidanmu a Gozaki da akwatin ƙarfe ɗaya da jakar takardu. Baba ya rako ni har bakin kasuwa inda akori-kurar Funtua take lodi, yana gaba ina biye. Ni ne ɗan farinsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba, hirarmu ma ba ta cika tsawo ba. Sai da direba ya tada mota sannan ya matso ya ce, "To, kai da za ka karatun ƙasa, ka tambayo mini maganin ramin nan. In babu, ka faɗa mini gaskiya in ka dawo, in san yadda zan yi da gonar."

Ramin da yake nufi kwazazzabo ne da ya ratsa gonarmu ta gado, wadda take kan gangare gabas da gari. Ya faro kamar 'yar hanyar awaki. Cikin damina shida ya yi zurfin da in mutum ya shiga sai dai a hango hularsa. Abin ya fi damuna fiye da kowa, domin ni malamin gona ne. Shekara biyar ina zagaya ƙauyukan Malumfashi a kan babur ina koya wa mutane zuba takin zamani da feshin auduga, ga gonar ubana ruwa yana kwashewa ina kallo.

Shi ya sa da takarda ta zo ofishinmu cewa wata makarantar raya karkara a Indiya tana ba da gurbin karatu da aiki na wata tara, na cika ba tare da shawara da kowa ba. Tsarin shi ne su biya kuɗin jirgi, kai kuma ka yi musu aikin gona rabin yini a madadin abinci da ɗaki da darasi. Abin da za a koya shi ne noman da ba ya gajiyar da ƙasa, da tare ruwan sama. Abokan aikina sun sha dariya. Ɗaya ya ce, "Lawal, mutane suna tafiya Ingila su dawo da digiri, kai za ka ƙetare teku ka yi ƙwadago?"

Muka biyo ta Bakori, mu goma sha ɗaya da buhunan barkono, kowa yana atishawa. Ƙarfe takwas saura kwata muka shiga Funtua.

A nan na haɗu da abokin tafiyata, Emeka, wanda sau ɗaya na taɓa gani, ranar da aka yi mana tambayoyi a Kaduna. Mu biyu aka ɗauka. Ma'aikaci ne a gidan gurzar auduga, mai kula da iri. A Funtua aka haife shi, iyayensa suka tafi da shi gida lokacin yaƙin basasa, suka dawo bayan an gama. Hausarsa ta Katsinawa ce tsaf, har ya fi ni zagin wasa. Mahaifiyarsa tana sayar da kwanuka da tukwane kusa da tasha. Ta zaunar da mu a bayan shago ta kawo shinkafa da miyar kaza da sassafen nan, ta ɗaure mana kilishi da gwangwanin daddawa.

"Malam Lawal," in ji ta, "ga ƙaninka nan. Ba shi da faɗa, ba shi da ƙiwa, amma ba ya kwana biyu bai ci nama ba. Ka sa ido."

Na ce, "In sha Allahu, Mama."

Funtua zuwa Ikko

Muka hau tasi zuwa Zariya, tafiyar kilomita saba'in da 'yan kai, naira uku uku. A Giwa 'yan sanda suka tsayar da mu, aka buɗe akwatuna. Kofur ya ɗaga takalman roba na shiga laka da makarantar ta ce mu zo da su, ya ce, "Ina zuwa da wannan?"

Emeka ya ce, "Indiya, ranka ya daɗe."

Kofur ya saki takalmin ya kira abokinsa. "Zo ka ga masu zuwa Indiya! Don Allah in kun je ku duba mini, da gaske ne in mutum ya fara waƙa sai gari duka ya fito ya taya shi rawa?" Muka yi masa alkawarin dubawa, ya sallame mu ko sisi bai nema ba.

Jirgin ƙasan da aka ce zai iso Zariya ƙarfe ɗaya da rabi sai bayan la'asar ya zo. Muka sami benci a tarago na uku, kusa da taga. Ban taɓa wuce Kaduna ba, don haka idona bai bar tagar nan ba sai da duhu ya hana ni gani. Da gari ya waye na ga dawa ta ragu, tulin kunyoyin doya ya karɓe wuri, kowace kunya da 'yar hular ciyawa a kanta. A Jebba muka haye Kwara a hankali, mata suna miƙo soyayyen kifi ta taga, kwabo hamsin ƙwarya ƙarama. Daga Ilori zuwa Badun kuwa abin da na riƙa lura da shi shi ne ƙasa ja ce, ruwa ya fi namu yawa, amma ban ga kwazazzabo irin namu ba sai inda aka sare daji. Na rubuta wannan a littafina.

Laraba da hantsi muka sauka a Ikko. Kwana uku muka yi a Ebute Meta, gidan ƙanen mahaifin Emeka, muna zirga-zirgar biza da allurar shawara. Matar gidan ta ware mini buta da tabarma tun kafin in tambaya.

Ikko zuwa Bombai

Asabar ƙarfe goma sha ɗaya jirgin sama ya ɗaga da mu. Ba zan ɓoye ba, na karanta duk addu'ar da na sani. Muka sauka Nairobi da yamma, aka kai mu masauki muka kwana. Garin da sanyi kamar an buɗe randa. Na tambayi mai kula da masaukin ina alƙibla, ya nuna mini arewa. Na ɗauka bai gane ba ne, sai da ya kawo taswira ya ɗora yatsa a kan Makka. Da muka isa Indiya kuma sai ga ni ina fuskantar yamma, inda rana take faɗuwa. Na yi sati guda in na kabbara sai in ji kamar na juya wa gida baya.

Washegari muka yi awa shida a kan ruwa, aka ce mu tura agogo gaba. Tsakaninsu da Nijeriya awa huɗu da rabi ne, kuma wannan rabin ya ɗaure mini kai har na dawo. A filin jirgin Bombai jami'in kwastan ya zaro gwangwanin daddawa ya tambayi mene ne. Kafin in haɗa Turancin da zan bayyana masa, ya buɗe murfin ya kai hanci. Ya rufe da sauri, ya zana alli a akwatunanmu duka biyu, ya nuna mana ƙofa. Kilishin da muke fargaba a kansa ko dubawa bai yi ba.

Bombai ta sa Ikko ta zama kamar ranar da ba kasuwa. Mutane a bakin titi, mutane a ƙofar jirgi, mutane a kan gada, ga zafi mai danshi da ƙarnin teku. Emeka ya leƙa ta tagar tasi ya daɗe, sannan ya ce, "Malam Lawal, ka rubuta wa kofur, har yanzu ba wanda ya yi waƙa."

Bombai zuwa makaranta

Ƙarfe bakwai na safe muka hau jirgin ƙasa zuwa Puna, awa huɗu. Jirgin yana hawan duwatsu yana shiga ta cikin ramukan da aka huda a jikinsu. Na ƙirga ashirin na bari. Daga Puna muka shiga jar bas ta gwamnati zuwa Ahmadnagar, kilomita ɗari da ashirin. A wannan hanyar ce mamaki ya kama ni. Ƙasa ta buɗe, busasshiya, baƙa kamar lakar fadama. Ga kututturen dawa a gonaki, ga karan auduga, ga dogon yaro jere a bakin hanya, ga shanun huɗa masu tozo, sai dai su an shafa wa ƙahoninsu fenti.

Na taɓa Emeka na ce, "Anya ba Bakori aka mai da mu ba?"

Amalanken shanun da makarantar ta turo ya ɗauke mu daga tasha. Muka isa ana shirin cin abincin yamma, kwana bakwai cif da barina Gozaki.

Zaman makaranta

Shugaban makarantar, Dakta Patil, siririn dattijo ne mai farin gashi. Ya karanta mana doka a tsaye. Ƙararrawa ƙarfe biyar da rabi. Aiki daga shida zuwa sha ɗaya. Aji daga biyu zuwa biyar. Share makewayi bi da bi ne, kuma da na duba takardar da aka manna a bango, sunansa ne na ranar Alhamis. Bayan wata uku za a duba aikin kowa, wanda bai gamsar ba a sallame shi ya koma ƙasarsu.

Ɗalibai sun zo daga Tanzaniya da Sudan da Nefal da wasu wuraren. Abincin bai ba ni wahala ba, domin dawa ce dai, sai dai maimakon tuwo sai a murza ta a yi fanke mai faɗi a gasa a kasko, a ci da miyar wake mai yaji. Amma babu nama, ko ƙwai babu. Kilishi ya ƙare a kwana na shida. Emeka ya fara ramewa ina gani. Allah ya taimake mu na gano wani mahauci Musulmi kusa da masallacin Juma'a a cikin gari. Daga nan kowace Juma'a Emeka yakan rako ni ya zauna a rumfar mahaucin har a idar, ni kuma ran Lahadi in raka shi coci in jira a gindin bishiya, mu biya ta rumfar a hanyar dawowa.

Abubuwan kallo ba su ƙarewa. Na ga rijiyar da ake zuba kashin shanu da ruwa, iska ta taso ta bi bututu har kicin a dafa abinci da ita, abin da ya rage kuma a kai gona. Na sa hannu a wutar don in tabbatar. Na ga ana daka 'ya'yan dogon yaro a jiƙa a fesa wa auduga, mu kuwa a gida sharewa muke mu ƙone. Na ga layin dawa da layin wake a gona ɗaya, malamin aji yana yabon haɗin da alli a allo, ni kuwa shekara biyar ina yi wa manoma faɗa a kan su daina cakuɗa shuka. Ranar ban yi tambaya ko ɗaya ba.

Katangar da na gina

A wata na biyu aka raba mu biyu biyu, aka ba kowane rukuni kwazazzabo ɗaya a jikin tudun ƙauyen da ke maƙwabtaka da makarantar, aka ce a tare shi kafin ruwa ya sauka. Daminarsu da tamu lokaci ɗaya suke zuwa. Na ji daɗi ƙwarai, don abin da ya kawo ni ke nan. Aka haɗa mu da wata tsohuwa mai suna Sakubai, shugabar matan da ke aikin dutse a ƙauyen. Gajeruwa ce, ta kai shekara sittin, kullum da taba a kumatu. Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya. Kowa yana ce mata Mawshi, wato kamar a ce inna, mu ma muka bi.

Na auna ramin, na zana a takarda, na yanke shawarar gina katanga ɗaya babba a can ƙasa inda ya fi faɗi, tsayinta zuwa ƙirji. Mawshi ta dubi inda na kafa turaku, ta yi magana mai tsawo tana nuna saman tudu.

Emeka ya ce, "Ina jin cewa take mu fara daga sama."

Na ce, "Cewa take duwatsu suna sama. Kuma ko ma me take cewa, ita ta yi karatun awon ƙasa ko ni?"

Ya juya ya kama aiki. Ita ma ta tofar da taba ta ɗauki kwanon sarki ta taya mu, don an ce mata aikinmu ne. Kwana goma sha tara muna ɗauko dutse a ka. Katanga ta tashi, kyakkyawa, har wani ɗalibi ɗan Sudan ya zo ya ɗauke ta hoto.

Ruwan farko ya sauka wata Talata ƙarfe uku na rana muna aji. Bai fi minti arba'in ba. Da ya ɗauke muka ruga tudu. Babu katanga. Ruwa ya taru a bayanta ya ture ta gaba ɗaya, ya kwashi dutse da laka ya juye a gonar wani mutum da ke ƙasa, a kan fangalin irin albasarsa. Mutumin yana tsaye a cikin lakar har gwiwa, matarsa tana tono 'yan tsiron da hannu tana kuka. Bai zage mu ba. Da ya yi zagin ma da na fi samun sauƙi.

Dakta Patil ya kira mu ofis. Ya tambayi wanda ya zaɓi wurin, na ce ni ne. Ya tambaya ko Sakubai ta ce wani abu, na ce ta ce, ban saurara ba.

Ya ce, "To. Da farko ku kwashe abin da kuka zuba wa mutumin nan, ku sake yafa masa iri daga na makaranta. Na biyu, saura sati uku a duba aiki. Daga yau Sakubai ce malamarku, ita za ta faɗa mini ko ku zauna ko ku tafi. Ku biyu, don tare aka ba ku aikin."

A hanyar ɗaki Emeka ya tsaya. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ranar. Ya ce, "Ka san da wahalar da na samu hutun nan daga wurin aiki? In aka kore mu, me zan ce wa Mama? In ce na bi babban malami ne ya kai ni rami?" Na ce ya yi haƙuri, laifina ne. Ya ce, "Haƙurin ba wuya. Gobe dai in tsohuwar nan ta nuna sama, ka ɗaga kai."

Karatun Mawshi

Kwana huɗu muka yi muna kwasar laka a gonar mai albasa. A na biyar hadari ya haɗu, kowa yana neman mafaka, sai Mawshi ta yafito mu ta nufi saman tudu. Muka bi ta har ƙoli, ruwa yana dukanmu. Ta tsuguna ta nuna mana wani ɗan zirin ruwa da bai fi kaurin yatsa ba yana gangarowa tsakanin ciyayi. Ta ɗauki duwatsu uku ta jera a gabansa. Ruwan ya tsaya, ya taru, ya tsallake a hankali, ya bar 'yar ƙasar da ya ɗauko a bayan duwatsun. Ta dube ni. Sannan ta ja hannuna muka bi zirin nan ƙasa, yana haɗuwa da wani, yana ƙara kauri da gudu, har muka iso inda katangata ta tsaya a da, inda ruwan yake ruri kamar zai ja mutum. Ta nuna shi, ta nuna ƙirjina, ta yi dariya har taba ta zubo.

Da hannu da ido ta koya mana sauran. Ƙananan shingayen dutse ake yi, tsayin gwiwa, ba siminti, a faro daga sama a gangaro. A tona gefe da gefe a cusa dutsen cikin gaɓa don kada ruwa ya zagaye. A bar tsakiya ya fi gefe ƙasa don ruwa ya san ta inda zai bi. A shimfiɗa faffaɗan duwatsu inda zai faɗo don kada ya haƙa sabon rami. Awon nisa kuma da doguwar tiyo mai haske ake yi, a cika ta da ruwa, mutum biyu su riƙe baki da baki, inda ruwan ya tsaya a nan da can shi ne daidai, ta yadda kan shingen ƙasa zai yi daidai da gindin na sama. In na sa dutse ba daidai ba sai ta sa ƙafa ta ture shi ta wuce, ba ta ko kallona.

Da muka gama jeri sai ta kawo damin wata ciyawa mu dasa a bayan kowane shinge. Na murza saiwar na sansana. Jema ce, irin wadda take fitowa a fadamarmu mata suna yin faifai da ita. Na faɗa wa Mawshi sunanta da Hausa, ta maimaita, ta faɗa mini nasu.

Shinge talatin da ɗaya muka yi. Kwana biyu kafin ranar dubawa aka yi ruwan da ya fi na farko ƙarfi. Muka hau da sassafe mu duba. Biyu sun zube, sauran suna nan, kowanne ya tara laka a bayansa mai laushi kamar kunu, ruwan da ke fita a ƙasa kuwa siriri ne, garau. Ranar dubawa Dakta ya tambayi Mawshi a gaban kowa. Ta yi magana, duk wanda ke jin yaren ya fashe da dariya. Dakta ya fassara mana: "Ta ce dogon yana da taurin kai amma bayansa yana ɗaukar dutse, gajeren yana jin magana amma kullum yunwa yake ji. Ta ce a bar su."

Kafin mu taso na nemi wani malami ya yi mini tafinta, na zana mata gonarmu a ƙasa na kwatanta zurfin ramin. Ta ce kada in yi wa tsohona alkawarin ƙasar da ta riga ta tafi. A fara hana ramin girma, cikawa kuwa sai an yi damina uku ko huɗu, in an yi sa'a. Ranar sallama na ba ta turmin atamfar da na taho da shi, ita kuma ta naɗe tiyonta na awo ta rataya mini a wuya.

Komowa

Muka bar makarantar wata Alhamis ƙarfe shida na safe ana girbin dawa. Hanyar da muka bi muka sake bi: Ahmadnagar, Puna, Bombai, Nairobi, Ikko. Muna fita daga filin jirgi Emeka ya ajiye akwati a gaban mai tsire, bai ɗaga ba sai da ya ci tsinke goma sha biyu. Jirgin ƙasa ya kawo mu Zariya, tasi ta kawo mu Funtua, inda manyan motoci suka yi layi a ƙofar gidan gurza da lodin auduga. Mama ta rungume ɗanta, ta ja da baya ta dube shi, ta juyo kaina. "Malam Lawal, haka muka yi da kai?" Sai da ta ga ni ma wandona da igiya na ɗaure shi sannan ta yafe mini.

Na isa Gozaki ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma. Washegari bayan gaisuwa muka tafi gona da Baba. Ramin ya ƙara cin kunya takwas. Na faɗa masa abin da Mawshi ta ce ba ragi ba ƙari, ya gyaɗa kai. Sannan na shiga cikin ramin na bi shi sama, yana ƙanƙancewa, har na fita daga gonarmu na shiga ta Malam Tanimu. A can tsakiyar gonarsa ruwan yake farowa.

Malam Tanimu maƙwabcinmu ne na gona, sa'an Baba. Shekara bakwai ke nan ba sa magana, tun wata rigima a kan ɗorawar da ke kan iyaka. Ko a jana'iza suka haɗu kowa gefensa yake bi.

Na ce, "Baba, daga can za a fara. In ba a fara daga can ba, duk abin da muka jera a nan ruwa zai kwashe."

Ya daɗe yana kallon ɗorawar. Ya ce, "Ni dai ba zan je ba." Muka juyo. Mun kusa gari ya ƙara da cewa, "Amma ban hana kowa zuwa ba."

Na je na sami Malam Tanimu a zaurensa, na durƙusa na gaishe shi, na yi bayani har da zane a ƙasa. Ya saurara ya ce zai duba. Sati biyu shiru. Ni da ƙannena muka ci gaba da tara duwatsu a bakin iyaka ba mu san ko za su yi amfani ba. Wata safiya muna cikin sauke kaya sai ga shi ya ɓullo da jakuna biyu, mangalolinsu cike da dutse.

Ya ce, "Kada ka ɗauka don ubanka na zo. Ramin ya fara cin tawa ne."

Na ce, "Mun gode, Malam."

Na cika tiyo da ruwa na ba shi baki ɗaya na nuna masa yadda ake dubawa. Ina neman wanda zai riƙe ɗayan, sai na ga Baba, wanda ban san lokacin da ya iso ba, ya sunkuya ya ɗauka. Ya gangara ƙasa da shi ya tsaya. Kowa yana kallon ruwan da ke cikin tiyonsa. Can Malam Tanimu ya ɗaga murya ba tare da ya dubi kowa ba.

"Ɗaga kaɗan."

Baba ya ɗaga. "Haka?"

"Ka yi yawa. Sauke. To, tsaya nan."

A nan muka kafa turken farko.

Damina biyu ke nan da yin wannan. Ramin bai cike ba, daga tsakiya zuwa ƙasa har yanzu yana nan da zurfinsa, kuma kowace shekara sai mun gyara shinge uku ko huɗu. Amma bai ƙara cin kunya ko ɗaya ba, kuma bana Malam Tanimu ya dasa dankali a lakar da ta taru a bayan shingayen sama. Emeka yakan zo daga Funtua a babur ya duba, mutanen gari suna ce masa injiniya.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa makarantar da ta ciyar da mu ta koyar da mu, da Mama da mutanen gidan Ebute Meta, da Emeka da ya yi haƙuri da ni. Mai albasa ma ina roƙon Allah ya mayar masa da alheri. Mawshi Sakubai kuwa ba ta karatu, kuma ko tana yi ba da Hausa ba, don haka na roƙi Dakta Patil a wasiƙa ya je har gida ya faɗa mata da bakinsa cewa dogon nan mai taurin kai ya fara daga sama.